Surukina Mai Bin Sawun Ruwa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma, kowa da ranarsa. Ranar surukina ta zo da hantsin wata Talata, a ɗakinsa na bakin zaure, nan gidanmu na Tamanrasset, cikin hamadar arewa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma zan fara yau don ƙasa ta rufe shi ba. Baba nake ce masa, haka zan kira shi a takardar nan.

Kafin azahar gida ya cika. 'Yan kasuwarmu na Damagaram da na Maradi suka rufe shaguna suka zo, har da Larabawan unguwa. Ina daga cikin gida na jiyo malamin da ya yi masa salla yana cewa, "Shekara da shekaru muna sahu ɗaya da bawan Allahn nan, ban taɓa ganin ya shiga masallaci bai fara ɗaga kai ya duba indararo ba." Maza suka yi 'yar dariya, wani ya fyace hanci. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ƙi yin kuka. Ta yini tana faɗa da masu girki a kan gishiri da itace. Sai da ta shiga ɗakinsa neman tabarma, ta ga sandarsa jingine a bayan ƙofa, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale, ba mai iya tayar da ita.

Ranar uku wata kamyo, babbar motar kaya, ta tsaya a ƙofar gida, mata suka sauko, ƙura har gira. Masu sayar da abinci ne a bakin iyaka, can kudu, tafiyar yini guda cur. Babbarsu, wadda kowa ke ce wa Iya, ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ku yi haƙuri, amma mu ma a yi mana gaisuwa. Mu ma uba muka rasa." Bayansu wani tsohon Buzu mai garka, wato lambu, a ƙauyen Outoul ya iso da kwandon ɓaure. Ya ajiye kwandon a zaure, ya ja rawaninsa har ido, ya daɗe zaune. Da zai tashi ya ce da 'yar Hausarsa, "To bana wa zai zo ya yi mini faɗa?"

Maigidana kuwa, ɗansa na fari, "amin" kawai yake iya cewa. Har yau in aka ambaci Baba sai ya tashi ya fita. Shi ya sa na ɗauki biro. Na yi lekkol, wato karatun boko, daidai gwargwado kafin aure, kuma na zauna da Baba shekaru masu yawa. Ina tsoron yarana su girma su ji an ce kakansu magini ne, a tsaya nan.

Magana ta farko da ya yi mini ina amarya ne, wata biyu da zuwana daga Damagaram. Na bi matan unguwa muka kai shanya cikin ƙoramar da ta ratsa bayan gidajenmu. Ƙorama ce a suna kawai. Yashi ne fari mai faɗi, yara na ƙwallo a ciki, awaki na yawo. Rana ta take, ba ko gajimare a kanmu. Ina danne zannuwan aurena da duwatsu sai na ji gyaran murya a gaɓa. Har ranar, in yana da saƙo gare ni ta bakin Gwaggo yake aikowa.

"'Yar nan, kwashe kayanki ki hau."

Na durƙusa na ce, "Baba, yanzu na shanya."

"Na gani. Kwashe."

Ya nuna duwatsun arewa da sanda. Can nesa, a kan tsaunuka, wani baƙin hadari ya zauna, ƙarami, kamar ba komai ba.

Ya ce, "A garinmu ruwa daga sama yake zuwa. Nan daga gefe yake zuwa, kuma ba ya sallama."

Ya bi ƙoramar yana korar yara, yana daka wa mata tsawa. Wasu suka yi tsaki kafin su tashi. La'asar ba ta yi ba muka ji rugugi kamar jerin kamyo. Ruwa ja ya ɓullo daga kwana, yana tura itatuwa da gwangwanaye a gabansa, ya cika ƙoramar gaɓa da gaɓa. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba. Na tsaya rungume da jiƙaƙƙun zannuwana. Da na waiwaya in yi godiya, har ya yi nisa, yana bin gefen ruwan yana kallonsa kamar mai kiwo.

Da saurayi ya zo ƙasar nan, shekarar da fari ya cinye gonakin ƙauyensu. Ya shiga leburanci a aikin hanyar kudu, daga ɗaukar dutse ya koma kwaɓa sima, wato siminti, daga nan ya zama magini. Kadarko da magudanan ruwa su suka zama aikinsa. Bai iya karatun boko ba, amma ka ba shi sanda da fili, sai ya zana maka duk ƙoramun da ke saukowa daga duwatsu, da inda kowace ke haɗuwa da 'yar'uwarta. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya, baƙo zai ɗauka wani abu ya ɓace masa. In ya ga itacen ƙaya a kwari sai ya tsaya ya duba rassa. Busasshiyar ciyawa ko tsumman da ya maƙale a sama, shi ne shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ya kan ce, "Mutum yana mantawa, itace ba ya mantawa da wuri." Sandar tasa duk tsaga ce, da ita yake awo.

Ba zan ce mai sanyin hali ne ba, don ƙarya ba ta amfanin mamaci. Baba yana da zafi, kuma yabo yana yi masa wuya. In ka kai shi sabon gidanka ya sa albarka, kafin a gama gaisuwa ya gaya maka inda katangarka za ta tsage. Ya taɓa sa guduma ya fasa dakalin maƙwabcinmu saboda ya toshe hanyar ruwa, sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani. Washegari shi da kansa ya sake gina dakalin, da rami a ƙarƙashi, bai kuma ba da haƙuri ba. Ni dai abin da na sani, duk ranar da ya je kasuwa sai ya dawo da ƙullin dabino ko gyaɗa, ya ajiye a bakin madafa ya wuce, kamar ba shi ya ajiye ba. Lokacin da na yi ɓari na biyu, kowa na ce mini in yi haƙuri. Shi kuwa sati ya yi yana ɗebo mini ruwa da kansa, dattijo da furfura, ya hana kowa karɓar bokitin.

Rigimar da ta fi kowace nauyi a gidanmu ta faru ne bayan ya ajiye aiki. Wani kamfani ya samu aikin gina sabuwar mashiga a bakin iyaka: buro, wato ofisoshi, na dowan masu karɓar kuɗin fito da na jandarma, da babban fili inda kamyo za su riƙa tsayawa a duba su. Aka ɗauki maigidana shugaban magina, ni kuma na bi shi ina dafa wa ma'aikata abinci. Baba ya ce zai je ya ga wurin. Aka ce masa zafi ya yi yawa, hanya da nisa. Ranar tafiya muka tarar da shi zaune a gaban mota da butarsa da tabarmarsa.

Wurin fili ne fetal, ga wasu baƙaƙen duwatsu daga yamma. Mutanen wurin suka ce an yi shekaru ba a ga ruwan kirki ba. Duk da haka kamfanin bai yi sakaci da maganar ambaliya ba. Injiniyan, wani matashin Balarabe daga arewa, ya zo da zanensa: katanga ta tare ruwan da zai gangaro daga duwatsu, babbar magudana ta karɓe shi, ta zagaya da shi bayan gine-ginen, ta zubar da shi gabas, wajen shinge. A takarda gabas ɗin nan fari ne fes. A ƙasa kuwa kwari ne mai 'yar inuwa, kuma a nan Iya da sauran mata suka kafa rumfunansu. A nan matafiya masu jiran takardu suke shimfiɗa tabarmi, da mata da jarirai, wasu kwana biyu, wasu sati.

Baba ya yi kwana uku yana yawo. Ya hau duwatsun, ya sha shayi da makiyaya, ya dawo ƙafafunsa duk ƙaya. Da safen rana ta huɗu, ma'aikata sun taru, injiniya ya shimfiɗa zanen a kan mota, ni kuma ina gefe ina zuba shayi. Baba ya kutsa ya dafa takardar da hannu. Da Larabcinsa na wurin aiki ya ce, "Ina matan suke a nan?"

Injiniyan ya ce, "Waɗanne mata, Alhaji?"

"Masu abinci. Waɗanda bakin magudanarka yake kallo."

"Ai wurin nan ba ya cikin filinmu."

Baba ya ce, "Ruwan ya san da haka?"

Wani lebura ya yi dariya, fuskar injiniyan ta yi ja. Na dubi maigidana. Na san abin da ke ransa. An riga an sa hannu a zanen can buro, mu baƙi ne a ƙasar mutane, kuma magina da yawa 'yan garinmu a ƙarƙashinsa suke ci. In aka ce uban shugaban magina ya zo yana tayar da rigima, ba shi kaɗai za a sallama ba. Ya matso ya ce da Hausa, "Baba, don Allah mu je gefe."

"Ba gefen da za ni. Ka gaya masa da bakinka, kai ma ka ga gangaren."

"Baba, ka bari mana! Wannan aikin lissafi ne, ba na sanda ba. Zamaninku ya wuce."

A gaban kowa ya faɗa. Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗauke hannu daga takardar. Ya shiga rumfarmu ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta, ya gangara kwarin. Daidai inda aka kafa turakun bakin magudanar, nan ya shimfiɗa ya zauna.

Ni ke kai masa abinci. In ajiye, in gaishe shi, ya amsa, in dawo. Rana ta uku da na juya sai ya ce, "Zauna, 'yar nan." Ban taɓa zama a gabansa ba. Na raɓe a bakin tabarma, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Kin san mutumin Outoul da nake zuwa wurinsa duk shekara?"

Na ce, "Abokinka mai ɓaure."

"Ba da abota muka fara ba. Ina sabon magini, ina ji da kaina, wani mai garka ya kira ni in yi masa katangar da za ta kare shi daga ƙorama. Na yi masa katanga mai kyau, har yau tana nan. Da ruwa ya zo ya doke ta, ya juya, ya faɗa garkar da ke ƙetare. Ta mutumin nan ce. Itatuwan da ubansa ya dasa, da rijiyar da kakansa ya haƙa, cikin yini ɗaya yashi ya binne su. Na je na gani. Matarsa na tsaye cikin laka tana tono da hannu, tana neman bakin rijiya. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, da ka tambaye ni, da na nuna maka inda yake bi."

Ya jujjuya sandar a hannunsa.

"Damina biyu muka yi muna tonon rijiyar nan ni da shi. Iyalinsa suka watse neman abinci, babban ɗansa ya tafi arewa bai sake dawowa ba. Mutumin ya ce ya yafe mini tun tuni. Ni ne ban gama ba. Waccan garka ce, 'yar nan. Nan kuwa mutane ne a kwance."

Na ce, "Baba, shi ya san wannan?"

"Ban taɓa gaya masa ba. Wane uba ke son ɗansa ya san haka?"

Bai ce in faɗa ba, bai kuma ce kar in faɗa ba. Na hau tudu da kwanon a hannu. Da aka tashi hutun rana na sami maigidana shi kaɗai a inuwar mota. Da ya ga fuskata ya ce, "Ke ma kin zo ki ce na yi laifi?"

Na ce, "Ban zo raba gardama ba. Tambaya gare ni. Me ke kai Baba Outoul duk shekara kafin damina?"

"Zumunci mana."

Na gaya masa duka, yadda na ji. Bai katse ni ba. Da na gama ya zauna yana kallon kwarin, inda hayaƙin murhun su Iya ke tashi. Sai ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya nufi wurin injiniya.

Allah Ya saka wa injiniyan nan da alheri, ba mai girman kai ba ne. Da yamma ya ɗauko na'urarsa mai ƙafa uku suka gangara. Iya ta zagaya da shi rumfa rumfa, ya ga jarirai a kwance. Baba ya kira wani tsohon makiyayi, makiyayin ya nuna musu wani dutse mai zanen laka a ƙugunsa, ya ce ubansa ya ga ruwa ya kai nan. Injiniyan ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta. Washegari ya tsayar da aikin wannan ɓangare, ya aika takarda buro.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Makonni muka yi muna jira. Manyan kamfanin suka kira maigidana suka wanke shi tas saboda jinkiri, aka mayar da wasu magina gida har sai an ji, wasunsu kuma ba su sake gaishe mu ba. Daga baya izini ya zo. Aka ƙara wa magudanar tsawo, aka karkata ta kudu da kwarin, aka jera ragar waya cike da duwatsu a kwanar don ruwa kar ya ci gaɓa, aka yi kadarko a ƙarƙashin hanya, bakinta ya fita can cikin yashin da ba kowa.

Baba ya koma bakin aiki ba wanda ya ɗauke shi, yana zaɓen duwatsu ɗaya ɗaya, yana mayar da wanda bai yi masa ba. A kan faɗin magudanar ma sai da suka yi musu da injiniyan. Baba ya ce ta yi faɗi da yawa, ɓarnar sima ce. Injiniyan ya ce filin da za a shafe da kwalta ba zai sha ruwa ba, duk abin da ya sauka a kansa cikinta zai gangara. Baba ya yi tsaki. A nan injiniyan bai ja da baya ba, aka yi yadda ya ce.

Aka gama aiki muka dawo gida. Shekara ta zo ta wuce ba ruwa, wata ma haka. Direbobin da ke zuwa daga kudu suka riƙa tsokana: "Baba, mun wuce ta gulbinka, awaki na barci a ciki." Ya ce su sha inuwa lafiya. Amma tsakaninsa da ɗansa wani abu ya tsaya. Kullum da safe maigidana zai durƙusa a ƙofar ɗakinsa ya gaishe shi, Baba ya amsa, shi ke nan. Shayin la'asar da suka saba sha tare ya mutu. Na sha ce wa maigidana ya je ya roƙi gafara. Sai ya ce, "In na buɗe baki sai in ji maganar nan a kunnena, in kasa." Haka muka zauna shekara biyar, gida ɗaya, tukunya ɗaya.

A shekara ta shida ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa. Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wayata ta yi ƙara. Iya ce, tana ihu, bayanta wani rugugi ya cika wayar.

"Kai masa! Kai wa Baba wayar!"

Na ruga ɗakinsa ko ɗankwali ban gyara ba. Maigidana ya biyo ni. Na kanga wa Baba wayar a kunne. Iya ta ce, "Baba, ga shi ya zo. Saurara." Ta miƙa wayar saitin magudanar.

Baba ya rufe ido. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar mai jin muryar wani da ya daɗe da tafiya. Ya saurara har na fara jin hannuna ya gaji. Sannan ya ce, "Ke, ina ya kai?"

"Saura kamu ɗaya ya cika ta!"

"Rumfuna fa?"

"Ko tabarma ba ta jiƙe ta ƙasa ba, sai na sama da ya zubo mana. Kowa na tudu yana kallo."

"Je ki duba kwanar. Kar ki matsa kusa."

Muka jira muna jin numfashinta. Ta ce ragar ƙarshe ta karkace, ruwa ya ɗan tsallake ya tafi da murhun wata da tukwanenta, amma ba wanda ya ji rauni. Baba ya ce alhamdu lillahi sau uku. Da aka kashe wayar ya ce, "Saura kamu ɗaya. Da an bi ta tawa a kan faɗin nan, da ta yi ambaliya. Yaron nan, injiniya, ya fi ni lissafi. A nemo shi a gaya masa na ce haka."

Maigidana ya zube a gaban gadon, ya kama ƙafafunsa.

"Baba, maganar da na faɗa maka a gaban mutane. Ka yafe mini."

Na yunƙura zan fita, Baba ya ɗaga mini hannu in tsaya.

Ya ce, "Ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Na yafe tun ranar da na ga ka gangaro da injiniya. Jira nake ka zo, kai kuma ka gaji taurin kaina." Ya dafa kan ɗansa. "Tashi. In ƙasa ta bushe ka je ka gyara ragar nan. Ka sa manyan duwatsu a ƙasa, kar ka bar wa yara su zuba maka tsakuwa."

Ranar na dafa musu shayi, suka sha har zagaye na uku. Wata biyu kawai suka samu suna shansa.

A makonninsa na ƙarshe ya daina maganar kadarko. Ƙauyensu ya koma yi. Tun da iyayensa suka rasu bai sake komawa ba, kullum sai ya ce baɗi. Yakan kira ni bayan la'asar ya ce, "'Yar nan, ke kika fi ni sabon zuwa. Har yanzu in hadari ya haɗo daga gabas iska na fara kaɗa ganyen gawo?" In ce gawo ai ba shi da ganye da damina, Baba. Ya yi dariya ya ce gwada ni yake yi. Ya tambaye ni kukan kwaɗi a tafki, da yadda mata ke bin bayan maza da ƙwaryar iri suna rufe rami da diddige. Ina ba shi labari, alhali ni ma rabona da ganin shuka an daɗe. Wata rana ya ce, "Ni fa manomi ne. Duk rayuwata ina korar ruwa, alhali roƙonsa aka haife ni in yi."

Abinci ya daina shiga, ko furar geron da Gwaggo ta sa aka kawo daga gida sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Ranar Litinin da yamma ya ce a fito da shi tsakar gida. Maigidana ya ɗauko shi kamar yaro ya kwantar a tabarma. Ya dube ni ya ce, "Ɗebo ruwa a buta ki yayyafa a ƙasan nan, kusa da ni."

Na ɗebo na yayyafa. Ƙasar ta yini tana shan rana, nan take ƙamshi ya tashi, irin na ruwan farko. Ya ja numfashi mai tsawo, ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya miƙa hannu a hankali ya tura yatsa cikin damshin har gaɓa ta biyu, ya ciro ya duba.

Ya ce, "Madalla. Wannan ya isa shuka."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. Da safe kalmar shahada kawai muka ji a bakinsa.

Ya Allah, baƙonKa ne, ya kwanta nesa da gonar ubansa. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda ya manta, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya ƙasar da ke kansa. Mu da ya bari, Ka ba mu haƙurin rashinsa, Ka sa mu cika da imani. Amin.